Ranar da 'Yar Durun Ta Shayar da Ɗana

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari ba ta daɗe da fara tafiya ba, muka je wani biki a Unguwar Tudu, aka yi ta ɗaukar hotuna da waya kamar yadda aka saba. Da aka turo min hotunan, duk wanda take ciki sai in ga ƙwayar idonta na hagu tana wani farin ƙyalli, irin na mage idan an haska ta. Na ɗauka laifin wayar ne. Har na yi wa mai wayar tsiya, na ce mutum ya tashi sayen waya ya rasa wadda zai saya sai mai ɓata fuskar 'ya'yan mutane. Sai da wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar asibiti ta ɗaga yarinyar a tsakar gida, ta juya fuskarta wajen rana, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce min, "Malama, kar ki bari a kwana biyu ba ki kai ta Kano ba." Malama ake ce min, saboda ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu a nan Gwarzo.

A Kano aka ce ciwon daji ne, a can cikin ido. Ni kafin ranar ban taɓa sanin daji yana kama ido ba, balle idon yarinyar da ko yaye ta ba a yi ba. Aka ce idon kam ya riga ya tafi, abin da ake ƙoƙarin ceta yanzu rai ne, don haka sai an cire shi. Duk kara da alkunyar 'yar fari da aka koya mana, ranar a bakin ƙofar likita na watsar da su. Na rungume ta ina kiran sunanta ina kuka a gaban mutane.

Ina cikin kukan wata gajeruwar mata da ke kusa da ni a benci ta kwance bakin zaninta, ta miƙo min ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Ungo, tauna. Kuka da yunwa a ciki ba ya kai mutum ko'ina." A cinyarta akwai yaro namiji da ya ɗan girmi ɗiyata, shi ma da farin nan a ido ɗaya. Daga Durun ta fito, can ƙasar Kabo, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Daga ranar ni nake ce mata 'yar Durun, ita kuma ta bi sahun mutane tana ce min Malama.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, nan da nan muka ƙulle. Duk ranar asibiti ni zan shiga mota a tashar Gwarzo in kama mata wuri kusa da ni, in kira ta a waya, mu same ta a bakin titi wajen Kabo da goyo a baya da leda a hannu. Kusan lokaci ɗaya aka yi wa yaranmu tiyata. Tare aka saka musu idon roba, tare aka koya mana yadda ake cire shi a wanke a mayar. Ranar farko ni sai da na yi ta gwadawa kafin na iya, ita kuwa ta cire ta mayar kamar mai sauya ɗan kunne. A raina na ce to, ko ba komai, ni da ita kaya ɗaya muka ɗauka.

A lokacin likitocin suna da wani shiri, suna ɗiban jinin yaran da ɗan abin da aka ciro daga idon, su aika wani wuri mai nisa a gwada. Aka ɗebi na ɗanta, aka ɗebi na ɗiyata. Aka shafe watanni shiru, har na manta da zancen.

Ranar da sakamako ya zo ita ta fara shiga. Ba ta jima ba ta fito baki har kunne. Ta ce, "Malama, an ce nasa a idon kawai ya tsaya, ya tafi da idon. Babu shi a jini." Na ce alhamdulillahi, da zuciya ɗaya na faɗa. Na ɗauki ɗiyata muka shiga ni da maigidana, ina jiran a maimaita min irin wannan maganar.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce, "Malama, ciwon nan yana farawa ne idan wani abu ya sauya a ƙwayoyin halittar da ke cikin ido. A wasu yaran, sauyin a ido ɗayan nan kawai ya faru. A wasu kuma da shi aka haife su, yana cikin jininsu da duk jikinsu. Kin san gona ai. Wani lokaci kara ɗaya tsutsa ta ci, a tuge shi a huta. Wani lokaci kuma a jikin irin abin yake." Sannan ta ce, "Ɗiyarki tana cikin na biyun."

Ta yi mana bayanin abin da hakan ke nufi. Idon dama ma zai iya kamawa, don haka za a riƙa sa ta barci ana leƙa cikinsa a kai a kai har ta girma. Ko ta girma ma, ba za a saki jiki da lafiyarta ba. Daga nan ta ce mu zauna ta duba namu idanun. Na maigidana fes. A nawa ta daɗe tana haskawa, sannan ta ce akwai wani tsohon tabo a ciki. Wai ni ma ya taɓa fara min ina ƙarama, Allah Ya tsayar da shi da kansa, babu wanda ya sani. Daga baya gwajin jinina ya tabbatar: daga wurina yarinyar ta gada. Ta ce duk ɗan da zan haifa yana iya ɗauka, yana iya tsallakewa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Duk ranar da kika haihu, ki kawo min jaririn tun kafin suna. Idan muka kama abin yana ƙarami, ba sai an cire ido ba. Amma shi ba ya jira."

A hanyar komawa 'yar Durun ta sayi rake tana sha tana ba direba labari, har tana yi masa faɗa a kan gudu. Ni kuwa na juya kai ina kallon gonaki. Kishi na ji, jama'a, kishi mai zafi. Ba so nake nata ya lalace ba, Allah Ya sani. So nake nawa ya zama irin nata. Benci ɗaya, likita ɗaya, tiyata ɗaya, amma ita an sallame ta, ni kuma an ce yanzu na fara. Ga shi ni ce mai tsayawa gaban yara ina karanta musu illar hassada, har da kaɗa yatsa.

Daga nan zuwanta asibiti ya ja baya, sai jefi-jefi. Wurin da nake kama mata a mota sai wani mai buhun barkono ya zauna. Duk sanda muka zo wajen Kabo sai na kalli inda take tsayawa, in ce yanzu haka tana gida tana suyar gyaɗarta hankali kwance. A wani zuwan aka ga ɗan ƙaramin abu ya fara fitowa a idon ɗiyata na dama, aka ƙone shi da wani haske na na'ura, Allah Ya sa ya kwanta. 'Yar Durun kan kira ni ta tambayi jikin yarinya, in ba ta amsa a gajarce. Sai ta ce, "Mu kam an ce sai an kwana biyu mu leƙo." Ita labari kawai take ba ni, ni kuwa sai in wuni ina juya maganar.

Sai ga shi mun samu ciki kusan a tare. Ita ta riga ni sauka, ta samu mace. Na ja tsohon cikina na je suna Durun. Na same ta ta yi ɓul-ɓul, ta sha wankan jego har fatarta ta yi ja, ga kunun kanwa a ƙwarya, ga ƙauri da yaji a gefe, tana ba mata umarni daga kan gado kamar sarauniya. Wata tsohuwa ta ɗauki jaririyar ta zizara mata kwalli, ta buɗe idon da yatsa ta ce, "Kai, wannan idon ubanta ne sak." Aka kwashe da dariya. Su abin da suke nema a idon jariri ke nan, da wa ya yi kama. Na ajiye wainar da aka zuba min ban iya cinyewa ba, na ce ƙwannafi ke damuna.

Da lokacina ya yi aka mayar da ni gidanmu, wurin mahaifiyata. Haihuwar ta zo da wuya, na zubar da jini sosai, amma Allah Ya ba ni namiji. Ko fuskarsa ban gama kallo ba na fara leƙa idonsa. Ba na ganin komai, kuma na san ba da irin kallona ake gani ba.

Na ce wa mahaifiyata, "Inna, sai fa mun kai shi Kano kafin suna."

Ta ce, "Wa zai kai shi? Ke? Da ɗanyen jikin nan? Ki shiga mota sanyi ya shige ki, ki zo ki yi ta kumburi? A gidan nan ba a taɓa yin mai jegon da ta taka ƙofar zaure kafin arba'in ba, kuma ba a kanki za a fara ba."

"Inna, likita ce ta ce."

"Na ji abin da likita ta ce. Likita ce ta haife ki? In kin yi arba'in ku je, Kano ba guduwa za ta yi ba."

Na miƙe don in nuna mata ƙarfina. Ɗakin ya juya min, sai ji na yi ta tare ni ta mayar kan katifa. Kallona kawai ta yi, kuma kallon ya fi magana ciwo. Maigidana ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Kun dai san suruki a gaban surukarsa. Ya fara da "Inna, dama cewa na yi ko...", ta ce masa "Allah Ya yi maka albarka, jeka ka ji da ragon suna." Ya tashi ya tafi ya ji da ragon suna.

Ana cikin haka sai ga sallamar 'yar Durun, ta zo barka, ita ta riga ta gama arba'in, da 'yarta a baya da kwalbar man gyaɗa a hannu. Ta gaisa da Inna, an sauka lafiya, ya ƙarfin jiki, ya kwanan baƙo, Allah Ya raya. Ta shigo ɗaki ta ɗauki jaririn, ta kalle ni ta ce, "Malama, wannan fuskar ba ta mai jego ba ce. An kai shi kuwa?"

Na ce ba a kai shi ba. Sai bakina ya ƙwace min, na ƙara da cewa, "Ke ina ruwanki? Naki ai sun tsira."

Ta ci gaba da jijjiga yaron. Na zaci za ta ajiye shi ta ɗauki mayafinta. Sai ta ce, "Haka ne, sun tsira. To shi wannan fa?"

Ta fita da shi a hannu ta sami Inna a bakin murhu tana iza wutar ruwan wanka. Daga ɗaki nake jin su.

"Inna, mai jego ba za ta fita ba, na yarda. Ko 'yata ce a wannan halin ba zan bar ta ba. Amma shi jaririn ai ƙafafun wani zai ara. Ki ba ni shi in kai shi."

"Ya sha me a hanya? Iska?"

Na ji 'yar Durun ta bugi ƙirjinta. "Ga shi nan har zuba yake. Ya ishi biyu."

"Yaron da ko suna ba a raɗa masa ba, a fita da shi cikin iska da bakin mutane?"

"Inna, ni na riƙe ɗana aka shiga da shi da ido biyu, aka fito min da shi da ɗaya. Ke ma kin ga na jikarki. In tsoron iska kike, ki naɗe shi da hannunki, ki zo mu tafi tare."

Inna ta ƙara iza wutar. Can ta ce sai an tambayi Malam, wato mahaifina, da ke zaure yana ba da karatu. Ya shigo ya saurari zancen, ya ce, "Babu laifi a kai shi, neman magani ne. Amma ku san abin da kuke yi. Da zarar nononta ya shiga cikinsa ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu har abada. A nemi yardar mijinta, a kuma sanar da dangi don kar a manta." Nan take 'yar Durun ta kira mijinta a waya, ya ce ya yarda. Ta juyo da 'yarta daga baya ta ce mata, "To, 'yan mata, kin yi asarar miji ɗan birni, kin samu ƙane." Har Inna sai da ta murmusa.

Aka tambaye ni, na ce to. Me zan ce? Amma a cikina wuta ce. Matar da ta tsira da komai, yanzu har ɗan nawa ma sai an raba shi da ita.

Washegari da safe suka tafi. Inna ta naɗe jaririn da tawul a kan tawul, ta sa masa hula har gira. Maigidana ya shige gaban mota, an ce min har suka je Kano suka dawo bai waiwayo ba ko sau ɗaya, saboda surukarsa tana baya. Ni aka bar ni da gwaggota, ta yi min wankan da ganyen darbejiya tana fyaɗa min ruwan zafi kamar da gayya. Kafin azahar ƙirjina ya cika ya yi tauri, rigata ta jiƙe, ga babu mai sha. Na kwanta ina addu'ar Allah Ya sa ba a ga komai ba. A ƙarƙashin addu'ar kuma akwai wani ɗan buri da ko a bakina ban furta ba: Allah Ya sa ya ɗan ƙi nononta, ko da na ɗan lokaci ne, ta san cewa yana da uwa.

Na kasa haƙuri na kira ta. Na ce, "Ya kama kuwa?"

Ta ce, "Kama? Kamar ya shekara da sanina. Malama, wannan ɗan naki acici ne."

Na ce madalla, na kife wayar, na juya bango.

Bayan la'asar suka dawo. Inna ce ta fara shigowa, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin tabarma. Tun daga zaman na san an ga wani abu.

Ta ce, "Akwai shi. A idon dama. Likitar ta nuna min a jikin na'urarta, bai kai ƙwayar gero ba. Ta ce an zo a kan gaɓa." Ta gyara zama ta ce, "Na tambaye ta, da mun jira arba'in fa? Ta ce..." Ba ta ƙarasa ba. Ta share fuska da bakin mayafi ta ce, "Ki ci abinci ki yi ƙarfi. Ranar da za a yi masa aikin, da ke za mu."

Haka kuwa aka yi. Matar da ta ce ba a kaina za a fara ba, ita ta riƙe hannuna har cikin mota. Wankan jegona a gidan wata 'yar'uwarmu a Kano na ƙarasa shi. Inna har da cika buhu da ganyen darbejiya daga Gwarzo, sai ka ce babu bishiyar a Kano. Aka ƙone abin da hasken nan, aka ci gaba da dubawa shekara da shekaru. Yau ɗana yana da idanunsa biyu, nasa na haihuwa, har yana hango ni daga ƙarshen layi ya ɓuya idan na aike shi bai je ba.

'Yar Durun kuwa ta zama 'yar gida. Mama yake ce mata. Duk hutu sai ya je Durun, ya dawo yana warin man gyaɗa yana ce min tuwonta ya fi nawa laushi. Ita kuma a gabana take nuna shi ga mutane ta ce, "Ga ɗana na Gwarzo." Har yau idan ta faɗa sai na ji wani abu ya ɗan tsikare ni, kuma ta sani, shi ya sa take maimaitawa tana kallona ta gefen ido. Na daina yaƙi da wannan kishin. Na gane zai zauna ne kawai tare da ƙaunar da nake yi mata, kowanne da gefensa.

Sakamakon nan da na ɗauka baƙar rana ce, shi ya sa muka san inda za mu duba da lokacin da za mu duba. Don haka duk wadda ta ga farin ƙyalli a idon ɗanta, a hoto ko a fili, kar ta tsaya zagin waya. Wadda kuma aka gaya wa abin yana cikin jini, ta kai jaririnta da wuri, ko da aron ƙafa ne, ko da aron nono.

Ɗiyata yanzu ta zama budurwa, tana sakandare, da kanta take kula da idonta. Kwanan baya da safe na shiga ɗakinsu na same ta gaban madubi ta cire shi tana wankewa. Ta taga muna hango ƙanen nata a tsakar gida yana ɗaure takalmi. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Umma, ciwonmu ɗaya da shi ko?"

Na ce, "Ɗaya ne."

"Shi an bar masa nasa duka biyun."

Na ce, "Ta dalilinki ne ai. Ba don ke ba, da ba a san a duba nasa da wuri ba."

Ta ce, "Na sani, Umma. Ina jin daɗin hakan ma." Ta juya idon a tafin hannunta. "Ni dai ban samu wanda zai riga ni ba."

Ta mayar da idonta, ta gyara hijabi, ta ƙwala masa kira ya yi sauri kar su makara.